Ƙaramar Bindiga da Tsatsa: Wane Rufin Ƙarfe Ke Jure Daminar Parakou?

Damina a Parakou, babban birnin Borgou a arewacin Jamhuriyar Benin, takan kai wata shida, kuma ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 1,000. Haka abin yake a Djougou. Duk mai fartanya a unguwar Ganou ya san sauran labarin: a manta da ita a waje, a wayi gari ta yi ja. Ƙaramar bindigar da jami'in tsaro ke ɗaurawa a ƙugu ta fi fartanya shan wuya, domin da gumi take wuni, gumi kuwa gishiri gare shi.

Hanya mafi daɗewa ita ce baƙanta ƙarfe. A masana'anta ana dafa shi cikin ruwan sinadari har fatarsa ta rikiɗe ta zama baƙar tsatsa mai sheƙi, wadda ke tare jar tsatsar da ke cin ƙarfe. Kyau dai akwai shi. Sai dai rufin bai kai kaurin gashin kai ba, kube na goge shi a hankali, kuma idan babu mai, shatin yatsa kaɗai ya isa ya bar tabo. Maharba masu adaka sun fi kowa sanin wannan, don tokar albarushi janyo danshi take yi, dole a wanke bututu a busar, a shafe da mai.

Sojoji sun nemi abin da ya fi haka. Rufin fosfet, wanda kamfanin Parker na Detroit a Amurka ya yaɗa tun 1915, shi aka riƙa yi wa bindigar M1911A1 a Yaƙin Duniya na Biyu. Toka-toka ne, ga kaushi, ba ya burge ido, amma yana riƙe mai kamar soso. Ƙarfinsa ke nan, rauninsa ma ke nan: mai na bushewa, kariya ta ragu.

Nikel ne ya fi ruɗin mai kallo. Yana ƙyalli, ruwa bai dame shi ba, amma da ya tsage a wuri guda sai tsatsa ta bi ta ƙarƙashi ta ɗago shi ɓawo-ɓawo. Kurom mai tauri ya fi shi nesa ba kusa ba. Amurka ta ji a jikinta a Biyetnam, inda bindigar M16 ta farko, wadda ba a shafa wa cikinta kurom ba, ta riƙa cijewa a cikin laima har aka gyara ƙirarta.

Akwai kuma ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a Sheffield ta Ingila a 1913. Kamfanin Smith & Wesson ya fitar da bindigar Model 60 da irinsa a 1965. Sunan dai ya zarce gaskiya: iskar teku irin ta Kwatano, ko gumin da aka bari ya kwana, suna iya huda shi ɗigo-ɗigo.

Bindigar Glock ta ƙasar Ostiriya, wadda ta fito a 1982, wata hanya ta bi. An riƙa tsoma ƙarfen cikin narkakken gishiri mai zafin da ya wuce digiri 500, sinadarin naitirojin ya ratsa fatarsa ya taurara ta. Ba shafe ba ne, balle ya ɓare. Ko baƙin saman ya koɗe, kariyar tana nan cikin jikin ƙarfen.

Ga jami'in da zai wuni a kan babur tsakanin Parakou da Djougou a watan Agusta, wannan na ƙarshe ne ya fi dacewa, kurom mai tauri na biye. Baƙanta ƙarfe kuwa sai ga mai lokacin gogewa da shafa mai kowane dare.