Murhu Mai Duwatsu Uku: Yadda Aka Raba Ikon Gwamnati

A farkon shekarar 2023 jama'ar Nijeriya sun shiga wani hali na ƙunci sakamakon canjin takardun kuɗi na naira 200 da 500 da 1,000. An ce tsofaffin takardu sun daina aiki, sababbin kuwa ba su wadata ba, har ta kai mutum yana da kuɗi a banki amma ya rasa na cefane. Ana cikin haka gwamnatocin jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙarar Gwamnatin Tarayya gaban Kotun Ƙoli. Ranar 3 ga watan Maris kotun ta yanke hukunci cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun har ƙarshen shekarar. Bayan kwana goma Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna da su bi wannan hukunci.

A nan ɗalibi mai lura zai yi tambaya. Alƙalan nan bakwai da suka zauna kan shari'ar ba su da soja, ba su da ɗan sanda, ba kuma wanda ya jefa musu ƙuri'a. To, da wane ƙarfi suka juya manufar da Shugaban Ƙasa ya amince da ita? Amsar tana cikin wata ƙa'ida da ake kira rabon iko.

Asalin ƙa'idar

Idan mutum guda ne ke kafa doka, shi ke zartar da ita, shi ne kuma ke hukunta wanda ya karya ta, babu inda talaka zai kai kukansa ranar da mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Wannan shi ne damuwar wani masani Bafaranshe mai suna Monteskiyu, wanda ya fitar da littafinsa kan dokoki a shekarar 1748, bayan ya yi nazarin yadda ake mulki a Ingila. Ra'ayinsa shi ne 'yancin jama'a ba ya tsira sai an raba waɗannan ayyuka uku a hannuwa daban-daban, domin babu abin da ke iya tsayar da mai iko sai wani mai iko.

Amurkawa suka ɗauki wannan ra'ayi suka gina kundin tsarin mulkinsu a kansa a birnin Filadelfiya cikin 1787. Ita Nijeriya da ta sami 'yancin kai a 1960 tsarin Ingila ta fara bi, inda Firayim Minista da ministocinsa duk 'yan majalisa ne. Sai a 1979 ta koma tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka, kuma a kan wannan tafarki aka rubuta kundin 1999 da ake aiki da shi.

Duwatsun guda uku

Sashe na 4 na kundin ya ba Majalisar Tarayya ikon kafa doka. Majalisar kuwa zaure biyu gare ta: Majalisar Dattawa mai kujeru 109, watau uku-uku daga kowace jiha cikin 36 da kuma ɗaya daga Abuja, sai Majalisar Wakilai mai kujeru 360. Sashe na 5 ya ɗora wa Shugaban Ƙasa nauyin zartar da dokokin, ta hannun mataimakinsa da ministoci da ma'aikatan gwamnati. Sashe na 6 ya bar wa kotuna fassara doka da raba gardama. Haka abin yake a jihohi, tsakanin majalisar dokoki da gwamna da kotunan jiha.

Ana iya kwatanta tsarin da murhu. Duwatsu uku ke ɗauke da tukunya, in ɗaya ya yi tsawo fiye da kima ko ya nutse cikin toka, sai tukunyar ta karkace miya ta zube. Sai dai rabon aiki kaɗai bai isa ba, don kowane ɓangare na iya yin ɓarna a cikin nasa fagen. Saboda haka aka ba kowanne ɗan hannu a cikin aikin ɗan'uwansa, yadda zai iya taka masa birki.

Yadda birkin ke aiki

Ƙudurin da majalisa ta zartar ba ya zama doka sai Shugaban Ƙasa ya sa hannu, kuma yana da kwana 30 ya sa ko ya ƙi. In ya ƙi, majalisar na iya sake zartar da ƙudurin da rinjayen kashi biyu cikin uku a kowane zaure, ya zama doka ba tare da shi ba. Haka aka yi a shekarar 2000 wajen kafa Hukumar Raya Yankin Neja-Delta, zamanin Shugaba Obasanjo.

Shugaban Ƙasa ke zaɓen ministoci, amma sai Majalisar Dattawa ta tantance su. Shi ke tsara kasafin kuɗi, amma ba a fitar da ko kwabo daga baitulmali sai bisa izinin doka. Shi ke naɗa Babban Jojin Ƙasa, amma bisa shawarar Majalisar Shari'a ta Ƙasa da amincewar dattawa, kuma ba shi da ikon cire shi sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa. Dalili kuwa shi ne alƙalin da ke tsoron kora ba zai iya faɗa wa mai korarsa gaskiya ba.

Birki mafi ƙarfi a hannun majalisa shi ne tsigewa, don haka aka tsawaita hanyarsa. Sai kashi ɗaya cikin uku na 'yan Majalisar Tarayya sun sa hannu kan takardar tuhuma, sai kashi biyu cikin uku a kowane zaure sun yarda a yi bincike, sannan Babban Joji ya kafa kwamitin mutum bakwai da ba 'yan siyasa ba. In kwamitin ya tabbatar da laifi, sai an sake samun kashi biyu cikin uku kafin shugaba ya sauka.

Su kuma kotuna, makaminsu shi ne sashe na 1, wanda ya ce kundin tsarin mulki yana sama da kowa, duk dokar da ta ci karo da shi ta ɓaci. Da wannan suke duba aikin majalisa da na masu zartarwa baki ɗaya. Alal misali, a watan Janairun 2006 'yan majalisa 18 cikin 32 na Jihar Oyo suka tsige Gwamna Rashidi Ladoja, bayan wani zama da suka yi a otal a Ibadan. A watan Disamba Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa ba a bi ƙa'ida ba, gwamnan ya koma kujerarsa. A cikin shekarar ne kuma, ranar 16 ga Mayu, Majalisar Dattawa ta yi watsi da gyaran kundin da zai buɗe ƙofar tazarce.

Idan aka cire dutse ɗaya

Amfanin wannan tsari ya fi fitowa fili a lokacin da aka rasa shi. Duk sa'ad da soja suka karɓi mulki a Nijeriya, majalisa suka fara rushewa, ikon kafa doka da na zartarwa suka haɗu a hannun majalisar ƙoli ta soja. Dokokinsu da yawa kan zo da sharaɗin cewa babu kotun da za ta saurari ƙara a kansu. Dokar soja mai lamba 2 ta 1984 ta ba da damar tsare mutum ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. A ƙarƙashin mai lamba 4 ta wannan shekara aka ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda-guda.

Inda tsarin ke da rauni

Kada mai karatu ya ɗauka cewa tsarin ba shi da aibi. Na farko, birki na iya zama sanadin tsayawar mota gaba ɗaya. A Jihar Kaduna, Gwamna Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya sami majalisar da NPN ke da rinjaye a cikinta. Majalisar ta yi ta ƙin amincewa da sunayen kwamishinoninsa, ya yi mulki babu su, har aka tsige shi ranar 23 ga Yuni, 1981. Na biyu, in jam'iyya ɗaya ta mamaye majalisa da fadar shugaba, 'yan majalisa kan ji nauyin tuhumar nasu, sai birkin ya yi sanyi. Na uku, kotu ba ta da ƙarfin tilasta hukuncinta, domin 'yan sanda da soja duk suna ƙarƙashin ɓangaren zartarwa. Kwanaki goman nan da suka shige tsakanin hukuncin Kotun Ƙoli da umarnin Babban Banki a 2023, mutane sun yi su ne cikin ruɗani, wani ɗan kasuwa ya karɓi tsohon kuɗi, wani ya ƙi.

Ke nan abin da ke rubuce a kundi ba ya aiki da kansa. Yana bukatar shugaban da zai bi hukunci ko da bai yi masa daɗi ba, da ɗan majalisar da zai binciki kasafi kafin ya ɗaga hannu, da alƙalin da ba ya duban fuska. Yana kuma bukatar jama'ar da ta san aikin kowanne, ta yadda in aka ƙi bin hukuncin kotu, ko aka kashe kuɗi ba da izinin majalisa ba, za ta gane cewa an taɓa haƙƙinta. Ɗaliban da ke aji a yau su ne masu jefa ƙuri'a nan da 'yan shekaru, kuma daga cikinsu za a sami masu zama a kan waɗannan kujeru uku.