Ƙuruciyar Usain Bolt a Makarantun Jamaika

An haifi Usain Bolt ranar 21 ga Agusta, 1986, a Sherwood Content, wani ƙauye da ke gundumar Trelawny a arewacin tsibirin Jamaika. Iyayensa na da ɗan shagon kayan masarufi a ƙauyen. Ya tashi yana buga ƙwallon ƙafa da kurket a kan titi tare da ɗan'uwansa, kuma kurket ɗin ne ya fi kwanta masa a rai.

A makarantar firamare ta Waldensia aka fara lura da saurinsa. Yana ɗan shekara 12, babu ɗalibin makarantar da ke iya kamo shi a tseren mita 100. Da ya shiga sakandaren William Knibb, mai koyar da kurket ya ga yadda yake fyallawa a fili, ya ba shi shawarar ya gwada tsere. Pablo McNeil, wanda ya taɓa wakiltar Jamaika a gasar Olamfik, shi ya karɓi horar da shi. Ya kuwa sha fama, domin yaron ya cika wasa da barkwanci, atisaye mai wuya ba ya gabansa.

Haƙurin irin waɗannan malamai yana da tushe. A Jamaika, gasar tseren makarantun sakandare da ake kira Champs, wadda aka fara tun 1910, babban biki ce da ke cika filin wasa na ƙasa a Kingston, kuma kowace makaranta na farautar yaro mai ƙafa. A nan Bolt ya ci azurfa a mita 200 a 2001, cikin daƙiƙa 22.04.

A 2002 Kingston ta karɓi baƙuncin gasar matasa ta duniya. Bolt na da shekara 15, dogo ne har ya kai mita 1.96. Fargabar taron jama'ar ƙasarsa ta sa ya fara saka takalmansa a baibai kafin tsere, amma duk da haka ya lashe zinare a mita 200 cikin daƙiƙa 20.61. Daga bisani aka mayar da shi Kingston domin ya samu horo na ƙwararru. A 2004, a gasar CARIFTA a Bermuda, ya yi mita 200 cikin 19.93, ya zama matashi na farko da ya sauka ƙasa da daƙiƙa 20.