Tashin Jirgin Sama, da Abin da Zafin Sakkwato Ke Yi Masa

Kalmar jirgi asalinta ta ruwa ce. Da dogo ya iso Kano cikin 1911 sai aka ara wa jirgin ƙasa ita, daga baya kuma aka ara wa na sama, wanda ya fara sauka Kano ran 1 ga Nuwamba 1925, sa'ad da jirage uku na mayaƙan Ingila suka zo daga Masar. Sunan ya dace, domin iska ma tana da nauyi, tana kuwa gudana kamar ruwa. Amma akwai bambanci guda. Kwalekwalen masunta a gulbin da ke bayan Ƙofar Dundaye yana zaune bisa ruwa ko bai motsa ba, shi kuwa jirgin sama iska ba ta riƙe shi sai yana gudu.

Aikin inji shi ne tunkuɗa jirgi gaba, ɗagawa kuwa aikin fiffike ne. An ƙera fiffike gabansa da kauri, bayansa siriri, an kuma ɗan ɗaga gabansa. In ya ratsa iska, sai ya karkatar da ita ta yi ƙasa. To, tun cikin 1687 Newton ya bayyana cewa duk abin da ya tura wani, shi ma za a turo shi daidai da haka. Watau fiffike na tura iska ƙasa, iska na tura shi sama, kamar yadda mai tuƙi ke tura ruwa baya kwalekwale ya yi gaba. Har wa yau iskar da ke bi ta saman fiffike ta fi ta ƙarƙashi sauri, kuma bisa ga ƙa'idar da Bernoulli ya wallafa cikin 1738, inda iska ta ƙara sauri dannawarta na raguwa. Bayanin biyu duk abu ɗaya suke nufi.

A nan akwai kuskuren da ya kamata malamai su guje wa. Waɗansu littattafai sun ce iskar sama tana sauri ne don ta tarad da ta ƙasa a bayan fiffike. Ba haka ba ne, gwaji ya nuna ta sama takan riga isa.

Ɗagawa na ƙaruwa da gudu ƙwarai: in gudu ya ninka biyu, ita takan ninka huɗu. Tana kuma ƙaruwa in an ƙara ɗaga gaban fiffike, amma in karkatar ta wuce kamar digiri 15, sai iska ta rabu da samansa, ɗagawa ta ragu nan take.

Saboda haka kafin tashi matuƙi yakan sauko da lagwanin bayan fiffike don ya ƙara masa faɗi da lanƙwasa, sa'an nan ya fuskanci iska, yadda ungulu ke yi in za ta tashi daga mahauta. Jirgin fasinja irin Boeing 737 yakan kai wajen kilomita 250 a sa'a, kana matuƙi ya ja linzami, wutsiya ta yi ƙasa, hanci ya ɗaga. Da ɗagawa ta fi nauyin jirgi sai tayoyi su bar ƙasa.

Inda Sakkwato ta shigo shi ne wajen zafi. Iska in ta yi zafi takan buɗe, nauyinta ya ragu. Da bazara, cikin Afrilu, zafin rana yakan wuce digiri 40, kuma iska mai digiri 42 ta kasa mai digiri 15 nauyi da kusan kashi 9 cikin ɗari. Lalle jirgin da ke barin filin Sultan Abubakar III da tsakar rana irin wannan sai ya ƙara gudu kafin ya ɗaga, ga shi kuwa injinsa ma ya rage ƙarfi, domin shi ma iska yake shaƙa. Shi ya sa ake auna fasinja da kaya da mai, a duba zafin ranar da tsawon hanyar gudu, kafin jirgin alhazai ya tashi. In lissafi bai yi ba, akan rage kaya ko a jira sanyin dare. Da hunturu iska ta fi nauyi, tashi ya fi sauƙi, sai dai hazo kan hana matuƙi ganin hanya.