Bugu biyar mafiya haɗari a tarihin tanis na maza, da abin da yaran Omdurman za su koya daga gare su

Omdurman garin ƙwallon ƙafa ne, wannan ba abin musu ba ne. A nan Al-Hilal da Al-Merrikh suke, kuma yaro kan san ko shi shuɗi ne ko ja tun kafin ya iya rubuta sunansa. A tsallaken kogi, a Khartum, aka kafa hukumar CAF a 1957, a can kuma aka buga gasar cin kofin Afirka ta farko a wannan shekarar.

Tanis kuwa tun zamanin Turawan Ingila wasan 'yan kulob ne a tsakiyar Khartum. Mu 'yan unguwa a talabijin muka san shi, a gidajen kallo, ranar da babu ƙwallo aka bar tashar wasanni a kunne. A haka wasunmu suka kamu, har muka iya musu a kansa.

Musun wane ne gwanin gwanaye lissafi ya kusa kashe shi. A manyan gasanni huɗu na duniya, wato na Ostareliya da Faransa da Wimbledon da Amurka, Novak Djokovic yana da kofi 24, Rafael Nadal 22, Roger Federer 20. Musun da ya fi daɗi shi ne wannan: idan aka ware bugu guda ɗaya tak daga hannun ɗan wasa ɗaya, wanne ne ya fi kowanne?

Mai kallon dambe ya san zancen. Ana tuna ɗan dambe da hannun da yake kisa da shi. Haka ma wanda ya taɓa zuwa kallon kokawar Nuba a Haj Yusuf, ya san kowane gwani da kayen da aka san shi da shi.

Ni malamin makaranta ne, ba na ba da maki sai da ma'auni. Nawa uku ne. Na ɗaya, abokin karawa ya san bugun yana tafe amma ya kasa tare shi. Na biyu, bugun bai gudu ya bar mai shi ba a lokacin da wuya ta yi wuya. Na uku, ya tilasta wa sauran 'yan wasa sauya salonsu.

Ga wanda bai saba da wasan ba: turmi-turmi ake yin sa kamar dambe. Zubi shida ke ba da turmi, kuma a manyan gasanni wanda ya fara cin turmi uku shi ke da nasara.

Na biyar: bugun bakin raga na John McEnroe

Wannan shi ne tare ƙwallo a kusa da raga tun ba ta taɓa ƙasa ba. McEnroe, Ba'amurke kuma bahago, ba ƙarfi yake sa wa ba. Ƙwallo za ta taho a guje, sai ya sassauta riƙon raket ɗinsa, ta faɗi a gindin raga ta mutu kamar an ajiye ƙwai a kan tabarma.

A 1984 ya buga wasa 85, ya ci 82, aka cinye shi sau uku kacal. Har yau babu namijin da ya yi shekara mai tsabta irin wannan a zamanin ƙwararru.

Abin da ya sa na bar shi a na biyar, zamani ya wuce da salon. Raket na katako ya kau, na zamani ya ba masu tsayawa a baya ƙarfin wuce duk wanda ya matso raga. Bugun yana nan da kyansa, amma yau ba a gina gida a kansa.

Na huɗu: bugun hannu biyu na Pancho Segura

Da yawa ba su taɓa jin sunan nan ba. An haifi Segura a 1921 a Guayaquil ta ƙasar Ekwado, a gidan talakawa. Mahaifinsa ma'aikaci ne a kulob ɗin tanis na garin. Yaron ya yi fama da zazzaɓin cizon sauro da ciwon ƙashi, har ƙafafunsa suka lanƙwashe kamar baka.

Saboda rashin ƙarfi, da hannu biyu yake riƙe raket ko a ɓangaren damansa, inda kowa ke bugu da hannu ɗaya. Abin da aka ɗauka nakasa ce shi ya zama makaminsa. Hannu biyun sun ba shi damar ɓoye inda zai aika ƙwallo har sai ta bar raket.

Ya ci gasar ƙwararru ta Amurka sau uku a jere, 1950 da 1951 da 1952. Jack Kramer, wanda ya kara da shi sau da dama, ya ɗauki wannan bugu a matsayin mafi kyau da aka taɓa gani a tanis. Daga baya Segura ne ya horar da Jimmy Connors.

Na uku: sabis ɗin Pete Sampras

A nan ne za a ce, Malam, ina John Isner da Ivo Karlovic? Gaskiya ne, Isner ya fi kowa yawan sabis ɗin da abokin karawa bai ko taɓa ba, sama da 14,000, Karlovic na biye da shi da sama da 13,000. A Wimbledon ta 2010, a wasan da ya ɗauki awa 11 da minti 5 tsakaninsa da Nicolas Mahut, Isner ya zuba irin wannan sabis har 113.

To amma duka biyun sun haura mita biyu a tsawo. Daga kan soro suke jifa. Kuma babu wanda ya taɓa kaiwa wasan ƙarshe na babbar gasa a cikinsu.

Sampras tsawonsa mita 1.85 ne. Sirrinsa, yadda yake cilla ƙwallo sama iri ɗaya ne ko ina zai aika ta. Tun yana yaro mai horar da shi kan bari sai ƙwallo ta tashi sannan ya faɗa masa irin sabis ɗin da zai yi. Shi ya sa ba a iya karanta shi.

Sannan sabis ɗinsa na biyu, wanda kowa ke lallaɓawa don tsoron asarar maki, shi da zuciya ɗaya yake sakin sa. Da irinsa ya rufe wasan ƙarshe na Wimbledon a 1999 a gaban Andre Agassi. Ya ci Wimbledon sau bakwai tsakanin 1993 da 2000.

Na biyu: mayar da sabis na Novak Djokovic

Tsawon filin tanis mita 23.77 ne. Sabis mai gudun kilomita 200 a awa bai cika daƙiƙa ɗaya ba ya iso ka. A cikin wannan ƙiftawar ido za ka gane inda ta nufa, ka motsa, ka mayar. Yawancin 'yan wasa burinsu ƙwallo ta dai tsallake raga. Djokovic a ƙafar mai sabis yake ajiye ta, tun bai gama dawowa daidai ba.

A wasan kusa da na ƙarshe na gasar Amurka a 2011, Federer yana gaba da zubi 5 da 3 a turmi na biyar, sabis a hannunsa, maki ɗaya ya rage masa, kuma yana da dama biyu. Ya saki sabis mai kyau zuwa gefe. Djokovic ya sheƙa mata mari ta ratsa fili, Federer ko motsi bai yi ba. Djokovic ya cinye turmin 7 da 5, ya je ya ɗauki kofin.

A wasan ƙarshe na Wimbledon a 2019 aka maimaita. Federer na sabis, dama biyu na ɗaukar kofi, Djokovic ya kuɓuta daga duka biyun ya ci wasan. Kafin shi Agassi ake ba wa sarautar mayar da sabis. Yanzu kam ta bar gidan.

Na ɗaya: bugun tafin hannu na Rafael Nadal

Nadal ɗan Manacor ne a tsibirin Mallorca na Sifaniya. Da dama yake rubutu, da hagu yake wasa. Baffansa Toni ne ya horar da shi tun yana ƙarami, wani baffan nasa kuma, Miguel Ángel Nadal, ya buga wa Barcelona baya.

Yadda bugun yake aiki shi ne, yakan shafo ƙwallo daga ƙasa zuwa sama da ƙarfin gaske, raket ya ƙare a saman kansa. Ƙwallo sai ta tafi tana juyi kamar katantanwa, kimanin sau 3,200 a minti. Juyin nan yana yin abu biyu. Yana ba ta damar wuce raga can sama ba tare da haɗari ba, ta kuma nutso cikin fili. Da ta taɓa ƙasa kuma sai ta yi tsalle har kafaɗar mutum.

Tunda bahago ne, ƙwallon kan nufi bayan hannun na-dama, inda ya fi rauni. Ka gwada ɗaga bokitin ruwa da bayan hannu a daidai kafaɗarka, sau ɗari, ka ji yadda abin yake.

Kowa ya san abin da Nadal zai yi. Shekara kusan ashirin ana sani, ba a samu magani ba. Ya ci gasar Faransa sau 14 daga 2005 zuwa 2022. A can ya ci wasa 112, aka cinye shi sau huɗu. Tsakanin 2005 da 2007 ya ci wasa 81 a jere a filin jar ƙasa. Wanda ya ce a jar ƙasa kawai bugun ke ci, sai ya tuna Wimbledon ta 2008, a kan ciyawa, inda ya doke Federer 9 da 7 a turmi na biyar.

Ina Federer?

Na san masoyansa sun riga sun ɗaure fuska. Wallahi ni ma idan kyau ake nema, shi zan nuna. Bugun tafin hannunsa da sabis ɗinsa duk suna bakin ƙofar wannan jeri.

Amma ma'aunina na uku shi ya yanke hukunci. A karawarsu 40, Nadal ya ci 24. A wasan ƙarshe na Faransa a 2008 zubi huɗu kawai Federer ya samu a turmi uku. Sai da ya koma raket mai faɗin kai a 2014, ya sake gina bugun bayan hannunsa yana sama da shekara 30, kafin ya rama a wasan ƙarshe na Ostareliya a 2017. Bugun da ya mayar da Federer aji, ai ya cancanci na ɗaya.

Bango, alli da ƙwallo ɗaya

Abin da ya fi tsaya mini a rai a jerin nan, bugun da ya shahara maimaici ne ya haife shi, sau dubbai, kuma sau da yawa a gaban bango. Segura da bangon kulob ɗin da mahaifinsa ke aiki ya fara. Björn Borg na Suwidin, mai kofin Wimbledon biyar a jere, ƙofar garejin gidansu ya yi ta duka da raket ɗin da mahaifinsa ya ci a gasar tanis ta tebur. Djokovic da wani bango ya saba a dutsen Kopaonik, inda iyayensa ke da gidan abinci. A 1999, yana ɗan shekara 11 zuwa 12, jiragen NATO suka yi kwana 78 suna ruwan bama-bamai a ƙasarsu. Da dare suna fakewa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Belgrade, da rana yana zuwa atisaye.

Ba sai na yi wa mutumin Khartum ko Omdurman bayanin wannan ba. Tun 15 ga Afrilun 2023 muka san ƙarar da yaron nan ya ji. Makarantu sun daɗe a rufe, wasu sun zama masaukin waɗanda suka rasa gidajensu. Hilal da Merrikh kansu sai da suka je Muritaniya suka shiga gasar ƙasar don su samu inda za su taka leda.

Yaran da ke dawowa aji yanzu ba kamar da suke ba. Ina ganin wanda ƙarar rufe ƙofa ke sa shi zabura, da wanda ba ya iya zama minti goma wuri ɗaya. Ba na cewa wasa magani ne. Amma yaron da ya tsaya gaban bango yana ƙirga bugunsa, goma yau, ashirin gobe, ya samu abu ɗaya a rayuwarsa da ke tafiya bisa ƙa'ida: yadda ka aika, haka za ta dawo maka.

Kuma abin bai fi ƙarfinmu ba. Tsayin raga a tsakiya santimita 91 ne. A auna wannan a bangon makaranta, a ja layi da alli ko gawayi, a share ƙasa ta yi sumul. Tsohuwar ƙwallo ɗaya da katakon da kafinta ya fafe sun isa farawa. Sharaɗi ɗaya ne ba a wasa da shi: kada yaro ya taka filin da masana ba su bincika sun tabbatar babu ragowar harsashi ko bam da bai fashe ba.

Kada a ce wasan ba namu ba ne. Nduka Odizor yaron tsintar ƙwallo ne a Legas kafin ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983. A shekarar ce Yannick Noah, wanda Arthur Ashe ya gano a Yawunde yana yaro, ya ci gasar Faransa. 'Yan'uwanmu na Kano kuma sun daɗe suna karɓar baƙuncin gasar Dala Hard Court.

Don haka roƙona ga masu gyaran makarantun jihar Khartum da iyayen yara: idan an zo shafe bango da siminti, a bar mana guda ɗaya mai santsi, marar taga, da fili mita goma a gabansa. Layin santimita 91 ɗin, mu malamai za mu ja shi.