Ɗaukar sautin gita a ɗaki: wurin ajiye makirufo ya fi tsadarsa muhimmanci

Waƙoƙin Mdou Moctar, ɗan jihar Tahoua, sun fara yaɗuwa ne daga waya zuwa waya kafin duniya ta san shi. Yau matasa a Maradi, Damagaram da Yamai na ɗaukar kiɗan gita a ɗakunansu, amma sau da yawa sautin kan fito a dagule. Galibi matsalar tana wurin da aka ajiye makirufo.

Ga gitar lantarki, makirufo nau'in dinamik kamar Shure SM57 ya fi dacewa, domin yana jure ƙara. A kusantar da shi santimita 3 zuwa 5 daga lasifika. Tsakiyarta na ba da sauti mai kaifi, gefenta mai taushi.

Gitar katako kuwa ta fi son nau'in kondansa, mai buƙatar wuta bolt 48. A ajiye shi santimita 20 zuwa 30, yana fuskantar mahaɗar wuyan gitar da jikinta. In ya fuskanci ramin tsakiya, sai gurnani.

Kondansa yana jin komai, don haka a kashe fanka, a jingina katifa da bango. A ɗauki daƙiƙa 20 a saurara, a matsar da makirufon kaɗan, a sake gwadawa kafin a kashe ko dala kan sabo.