Kwamfutar Yara Na Mutuwa Da An Kunna Ta? Duba Waɗannan Kafin A Kai Wa Mai Gyara

A watan Afrilun da ya wuce, ƙanwata da ke karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda ta shigo gida idonta jawur. Saura mako biyu ta miƙa aikin kammala karatunta, ga laftof ɗinta ta ƙi zama: a kunna, ta yi minti biyar, ta mutu. Wani mai gyara ya ce sai an yi mata fomatin, wato a goge duk abin da ke ciki a sake zuba manhaja. Da mun yarda, da aikin wata huɗu ya bi ruwa.

Uwargida, wannan matsala ta shafe mu. Tun 2015 da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, iyaye da dama a Ƙaura, Shinkafi da Zurmi suka ƙuƙuta suka saya wa yara ta hannu. A asibiti ba ma ba da magani sai mun ji yadda ciwo ke zuwa. Ita ma kwamfuta, ki lura da lokacin da take mutuwa.

Idan sai ta yi mintoci kafin ta ɗauke, ki taɓa ƙarƙashinta. In ta yi zafi, fankar cikinta na ƙara, to zazzaɓi take yi. An ƙera ta ne ta kashe kanta idan ƙwaƙwalwarta ta doshi digiri 100, don kada ta ƙone. Ƙurar hunturu na toshe ƙofofin iskarta, sai bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40, yaro kuma ya ɗora ta kan katifa. A mayar da ita kan tebur, a kashe ta, a share ƙofofin da busasshen buroshi mai laushi.

Idan da an zare caja take mutuwa, batir ne ya gaji. In kuwa a kan janareto kawai take yi, ko lokacin da wuta ke rawa, a gwada ta a wani gida, ko da wata caja irin tata sak. Abu ɗaya ba a wasa da shi: batirin da ya kumbura har ya ɗaga madannai. A daina caji nan take, a nisanta shi da yara, domin yana iya kamawa da wuta.

Idan ba ta zafi, amma allon ya koma shuɗi da rubutu sannan ta sake tashi, ki ɗauki hoton rubutun da wayarki. Zai taimaki mai gyara. Ki tambayi yaron me ya zuba mata kwanan nan, ko filashin wa ya soka. A cire duk abin da aka jona. A Windows 10 da 11, in aka danne Shift sannan aka latsa Restart, za a ga hanyar shiga Safe Mode, inda take tashi da manhajojin dole kawai. In ta zauna lafiya a can, galibi laifin wata manhaja ce, sai a cire ta.

Ko wace ce matsalar, da zarar ta tashi a fara kwashe muhimman takardu zuwa filashi ko imel. In kuma ta kai ga shago, ki faɗa wa mai gyara ƙarara: kada ya goge komai sai ya kwafe muku aikin kun gani da idonku. Ko da kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya, sau da yawa ana iya ciro ma'ajiyarta a kwashe abin da ke ciki.

Tamu dai ƙura ce. Mai gyara na biyu ya buɗe ta a gabanmu, ya ciro curin ƙura kamar auduga daga fankar, ya canza man da ke sanyaya ƙwaƙwalwar. Ƙanwata ta miƙa aikinta a kan lokaci, alhamdulillahi. Yanzu duk daren Juma'a sai ta tura wa kanta kwafi ta imel.