Ƙauyen Da Ya Kulle Kansa: Majami'ar Eyam Da Kaburburanta

A cikin lardin Derbyshire na ƙasar Ingila, wajen mil 12 daga birnin Sheffield, akwai wani ɗan ƙauye a tsakanin duwatsu wanda ake rubuta sunansa Eyam, amma mutanen wurin "Im" suke faɗi. A da sana'ar mutanensa haƙar darma ce da kiwo da ɗan noma. A tsakiyar ƙauyen akwai wata tsohuwar majami'a ta dutse mai suna St Lawrence, makabarta kuwa ta kewaye ta, kamar dai yadda aka saba a ƙauyukan Ingila, inda mai zuwa ibada ran Lahadi sai ya ratsa ta tsakanin kaburburan kakanninsa kafin ya kai bakin ƙofa.

Abin da ya fid da sunan wannan ƙauye shi ne annobar da ta auka masa daga 1665 zuwa 1666, wadda ta kashe mutum 260 cikin wata 14. Amma baƙon da ya shiga makabartar yana neman kaburburan waɗannan mutane zai sha mamaki, domin kusan kabari ɗaya tak zai tarar wanda aka tabbatar da wurinsa. To, ina sauran? Amsar wannan tambaya ita ce tarihin majami'ar.

TUN KAFIN ANNOBA

Eyam tsohon mazauni ne. Sunansa yana cikin babban littafin ƙidayar ƙasa da dukiya wanda Sarki William ya sa aka rubuta a 1086. Akwai kuma shaidar da ta girmi wannan littafi, watau wani gicciye na dutse da ke tsaye a makabartar, wanda masana suka ce an sassaƙa shi a ƙarni na 8 ko na 9. Wani yanki na jikinsa ya ɓace, amma kansa yana nan, da zane-zanen da aka yi masa, ga shi kuwa ya shekara fiye da 1,000 yana shan ruwa da ƙanƙara. Ginin majami'ar kansa, mafi tsufan sassansa na ƙarni na 13 ne, an kuma yi masa babban gyara a ƙarni na 19. A jikin bangonsa akwai agogon rana na 1775, irin wanda inuwa ke nuna lokaci, har yana nuna sa'ar da rana ke tsakiya a waɗansu manyan biranen duniya.

Amma abin da ya fi duk waɗannan amfani ga mai neman tarihi shi ne littafin rajista. Tun 1538, zamanin Sarki Henry na Takwas, aka umurci kowace majami'a a Ingila ta riƙa rubuta sunan duk wanda aka yi wa baftisma, da wanda aka ɗaura wa aure, da wanda aka binne. Wannan doka ce ta sa yau aka san sunayen talakawan Eyam ɗaya bayan ɗaya, da ranar da aka kai kowannensu makwancinsa.

ƘUNSHIN YADI DAGA LANDAN

A 1665 annoba ta mamaye birnin Landan, inda aka rubuta mutuwar mutum fiye da 68,000, ana kuma kyautata zaton ainihin adadin ya kusa 100,000. Cutar ita ce wadda malamai ke kira ɗa'un. Takan fara da zazzaɓi mai zafi, sa'an nan kaluluwa ta fito a hammata ko a wuya ko a matsematsi, kafin mako ya zagayo mutum ya cika.

Labarin da mutanen Eyam suka gada shi ne, a ƙarshen bazarar wannan shekara aka aiko wa telan ƙauyen, Alexander Hadfield, da ƙunshin yadi daga Landan. Yaron shagonsa, George Viccars, ya kwance ƙunshin ya tarar da danshi, sai ya shanya yadin a bakin wuta. Ashe akwai ƙuma a ciki. Ran 7 ga Satumba 1665 aka binne shi, shi ne na farko a jerin sunayen. Kafin ƙarshen Oktoba mutum kusan 30 sun bi bayansa. Da sanyin hunturu ya shigo sai mace-macen suka ragu, har jama'a suka ɗauka an rabu da masifa. Ina! Da zafi ya dawo a tsakiyar 1666 sai cutar ta taso da ƙarfin da ya fi na farko, mutane suka fara ɗaure kaya za su gudu. Waɗansu masu hali ma tuni sun riga sun fice.

LIMAMAI BIYU, SHAWARA UKU

A lokacin akwai limaman Kirista biyu a ƙauyen, waɗanda ba su ga maciji. Na farko William Mompesson, saurayi ɗan ƙasa da shekara 30, wanda hukuma ta naɗa a 1664. Na biyu Thomas Stanley, tsohon limamin wurin, wanda aka raba da kujerarsa bayan da aka mayar da Sarki Charles na Biyu kan gadon sarauta a 1660, saboda shi yana cikin ɗariƙar Puritan masu tsananin ra'ayi. Mompesson ke da muƙami, amma zukatan jama'a da yawa suna wajen Stanley. Da kowannensu ya ja tunga ya riƙe nasa mutane, da babu shawarar da za ta zauna, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sai suka ajiye saɓaninsu, suka tara jama'a a watan Yuni 1666, aka tsai da magana uku.

Ta farko, a daina kai gawa makabarta, kowane gida ya binne mamacinsa nan da nan a lambunsa ko a gonarsa, ba taro ba rakiya. Ta biyu, a rufe majami'a, a koma yin ibada a fili, cikin wani kwari da ake kira Cucklet Delf, inda liman zai tsaya a kan dutse, kowane iyali kuma su tsaya nesa da 'yan'uwansu. Ta uku, wadda ta fi nauyi, a shata iyaka kewaye da ƙauyen, ba shiga ba fita, sai ranar da cutar ta ƙare. Dalilinsu shi ne, in suka watsu za su kai wa Sheffield da sauran garuruwan arewa, gama abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Mai karatu Musulmi ba zai ji wannan shawara baƙuwa ba. Koyarwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ita ce kada a shiga ƙasar da annoba ta sauka, wanda ke cikinta kuma kada ya fita don gudu. A kan haka ne Halifa Umar ya juya daga hanyar Sham a lokacin annobar Amwas, shekara 1,000 da 'yan kai kafin ta Eyam.

Sai maganar abinci. Basaraken yankin, Earl na Devonshire, wanda gidansa ke Chatsworth, ya ɗauki nauyin aiko da abinci da magani, maƙwabta kuma suka riƙa kawo nasu na sayarwa. Akan ajiye kayan a bakin iyaka a koma, sa'an nan mutanen ƙauyen su zo su ɗauka. A kan hanyar Stoney Middleton har yanzu akwai wani dutse da aka huda wa ramuka shida, inda akan zuba ruwan tsami a jefa kuɗi a ciki, bisa zaton tsamin zai kashe cutar. A arewacin ƙauyen kuma akwai wata 'yar rijiya da aka yi irin wannan ciniki a bakinta, wadda ake kira Rijiyar Mompesson.

KABURBURA A CIKIN GONAKI

A watan Yuli 1666 mutum fiye da 50 suka mutu, a Agusta fiye da 70. Kusan duk waɗannan ba su shiga makabarta ba. Yawancinsu ba a kafa musu ko da dutse ba, garma ta bi ta kansu, yau ba wanda zai iya nuna wurin.

Waɗanda suka fi shahara cikin 'yan kaɗan da suka rage su ne Kaburburan Riley, a gefen wani tudu wajen rabin mil daga ƙauyen. A nan wata mata mai suna Elizabeth Hancock ta binne mijinta John da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas, daga 3 zuwa 10 ga Agusta 1666. An ce ita kaɗai ta riƙa jan gawarwakin tana haƙa ramukan, mutanen Stoney Middleton suna hangenta daga nasu tudun, babu mai ikon matsowa ya kama mata. Ita kuwa cutar ba ta taɓa ta ba. Yau duwatsun kaburburan suna cikin wata 'yar katanga a tsakiyar makiyaya, hukumar National Trust ke kula da su. A wani lungu na ƙauyen da ake kira Lydgate kuma akwai kabarin George Darby da na 'yarsa Mary.

Kabarin nan guda da ke cikin makabarta na Catherine ne, matar Mompesson. Ita da mijinta sun aika da 'ya'yansu biyu wani wuri tun kafin a rufe iyaka, ya kuma roƙe ta ta bi su, ta ƙi. Ta zauna tana taya shi zagaya marasa lafiya har cutar ta kama ta, aka binne ta ran 25 ga Agusta 1666 tana da shekara 27. Kabarin nata dogon dutse ne mai kama da tebur, kusa da tsohon gicciyen nan. Stanley ma, wanda ya rasu a 1670, an kafa masa dutsen tunawa a makabartar daga baya. Mompesson kuwa ba a nan yake kwance ba: bayan 'yan shekaru aka mai da shi Eakring a lardin Nottinghamshire, can ya mutu a 1709. Na ƙarshe a jerin sunayen annobar shi ne Abraham Morten, ran 1 ga Nuwamba 1666. Gidaje 76 mutuwa ta shiga.

ABIN DA MASANA SUKA GANO

Yawancin labarun da ake bayarwa a kan Eyam ta baki aka gada, sai can daga baya aka rubuta su, musamman a tarihin ƙauyen da William Wood ya wallafa a 1842. Shi ne ya yaɗa cewa mutanen ƙauyen wajen 350 ne, 83 kawai suka tsira. Masu binciken zamani da suka koma ga littafin rajista da takardun haraji sun ce jama'ar ta kai 700 zuwa 800, watau wajen sulusinsu ne suka mutu. Ko a haka ma, wannan rabo ya zarce na Landan.

Ƙwayar cutar kanta sai a 1894 Alexandre Yersin ya gano ta a Hong Kong, daga baya aka tabbatar ƙumar ɓera ke ɗaukarta. A 2016 waɗansu masana biyu na Imperial College da ke Landan suka bi sunayen mamatan Eyam gida gida, suka ƙiyasta cewa wajen kashi uku cikin huɗu daga jikin mutum suka ɗauki cutar, ba daga ɓera ba. Saboda haka akwai masu ganin kullen ya ƙara yawan mutuwa a cikin ƙauyen, tun da ya haɗa mai lafiya da mara lafiya wuri guda. Abin da babu gardama a kansa shi ne, garuruwan da ke kewaye ba su ga irin wannan ɓarna ba, mutanen Eyam kuwa sun san abin da suke saye da rayukansu sa'ad da suka yarda su zauna.

YADDA AKE TUNA SU

A cikin majami'ar yau akwai littafi a buɗe mai ɗauke da sunayen mamatan, da wata kujerar katako da aka ce ta Mompesson ce, da taga mai gilashi masu launi da aka sa a 1985, wadda ta zana labarin tun daga shagon tela har zuwa wa'azin kan dutse. A ƙofar tsofaffin gidajen da ke kusa an kafa alluna masu sunayen waɗanda suka mutu a kowane gida. Kowace shekara, ran Lahadin ƙarshe ta Agusta, jama'a sukan yi jerin gwano zuwa Cucklet Delf su yi ibada a fili kamar yadda aka yi a 1666, akan kuma ajiye jajayen furanni a kan kabarin Catherine. A 2020, da annobar korona ta sa aka kulle garuruwan duniya, sunan Eyam ya sake cika jaridu.

Ba baƙin ciki kaɗai ke cikin makabartar ba. Akwai kabarin Harry Bagshaw, ɗan wasan kurket wanda ya zama alƙalin wasa, ya mutu a 1927. A jikin dutsensa an sassaƙa hannun alƙali da yatsa a sama, alamar da ake yi wa ɗan wasa cewa lokacinsa ya ƙare, ya fita fili.

Ga mai lura, makabartar mutanen 1666 ta ainihi ita ce littafin rajistar nan. Ƙasa ta shafe kaburburansu, amma da yake an sami wanda ya zauna kullum yana rubuta suna da rana, ko a makon da ake mutuwa gida gida, ga shi bayan shekara fiye da 350 ana kiran yaron tela da 'ya'yan manomi da sunayensu, likitoci kuma suna ƙaruwa da lissafin. Duk jama'ar da ke son jikokinta su san abin da ta sha, sai ta rubuta sunayen mutanenta, manya da ƙanana. Allah ya kiyashe mu da annoba, amin.